Aisin

aisin (suna, namiji, aro daga Turanci). Haɗin sukari da ake shafa wa kek ko biskit don ado. Nau'in da ake kira na sarauta da farin ƙwai ake yin sa, da niƙaƙƙen sukari da ɗigon ruwan lemun tsami, a buga har ya yi kauri. Da ya sha iska sai ya sandare, shi ya sa Turawan Ingila ke lulluɓe kek ɗin aure da na Kirsimeti da shi. A kan birawni kuwa, wato kek ɗin cakulan na Amurka mai danshi, siririn zane ya fi kyau, kuma sai birawnin ya huce sarai, don maiƙo yana ɓata farin aisin. Misali: Kada ki taɓa, aisin ɗin bai bushe ba.