Samanjan da ya tsare mana littafi

Tun da na ajiye kaki na dawo Zango, duk lokacin da aka fara sayar da fom ɗin NDA sai zaurena ya cika da samari. Tambayar ɗaya ce: "Baffa, wane kwas ne ya fi sauƙi?" A tunaninsu jami'a ce ta kyauta, a ci da kai, a ba ka digiri, a ɗora maka anini. Ban taɓa jin wanda ya tambayi awa nawa ake barci ba, alhali a nan ne ake faɗuwa.

Mu da muka shiga a ƙarshen shekarun 1980 mun faɗo a tsakiyar canji. An kafa makarantar a Kaduna a 1964, hafsoshin Indiya suka ɗora ta a hanya, Birgediya Varma ne kwamandanta na farko. Shekara ashirin da ɗoriya takardar NDACE take bayarwa, sai a 1985 aka soma karatun digiri, zaman ya koma shekara biyar ga sojan ƙasa: huɗu na boko haɗe da horo, ta ƙarshe ta soja zalla. Ba a rage komai daga fareti don an ƙaro lacca ba. Kafin asuba kana kan hanya da gudu, ka dawo ka yi wanka a tsaye, ka gyara gado, sannan a kora ku aji a jere. Malamin lissafi na rubutu a allo, rabin aji na gyangyaɗi da ido buɗe. Wanda ya ji barci ya ci ƙarfinsa yakan tashi da kansa ya koma bayan aji ya tsaya, littafi a hannu. Akwai darasin da ban taɓa ɗaukarsa a zaune ba.

Wasu manyanmu da suka fita kafin zuwan digiri ba su ɓoye raininsu ba. 'Yan boko suke ce mana, wai takarda za ta lalata soja. Har yau abin na yi mini ciwo, don babu tudun da suka hau a Filato da ba mu hau ba, kuma mu da jarrabawa ke jiranmu in mun sauko. Ka faɗi a aji, a mayar da kai baya ko a sallame ka, ko da kai ne gwanin harbi.

Wanda ya fahimci wannan tun da wuri mutum ne da bai gama firamare ba. Samanjan kamfaninmu ne, ya yi yaƙin basasa daga 1967 har 1970, sunansa kawai yake iya sa wa hannu. A filin fareti ba ya da sauƙi ko kaɗan. In ya ga sitacin kakinka bai tsaya ba, ranar ka shiga uku. Wannan guga ma sana'a ce da ta mutu. Da dutsen gawayi muke yi, a jiƙa kaki da koko, a goge har wando ya iya tsayuwa shi kaɗai kamar buhun gero. Yaran yanzu ba su san warin gawayi a ɗakin kwana ba.

Amma da lokacin karatun dare ya yi, sai samanja ya zama wani mutum dabam. Yakan ɗauko sandarsa ya yi ta zagaya baranda, kuma duk babban kadet ɗin da ya zo jan ƙarami zuwa gwale-gwale a wannan lokaci, da shi zai gamu. Ba dokar da ta sa shi. Ya taɓa gaya mana cewa a bakin daga ya ga abin da ke faruwa in hafsa bai iya karanta taswira ba, bai ƙara bayani ba, mu ma ba mu nema ba. In ya tarar da kai ka kife a kan littafi, ba ya hukunta ka, sai ya buga sanda a tebur ya ce, "Yallaɓai na gobe, tashi ka wanke ido."

Bataliyarmu sunanta Burma, kusa da bataliyoyin Dalet da Mogadishu da Abyssinia, duk wuraren da sojan ƙasar nan suka yi yaƙin duniya na biyu. Sai da na je hutu na faɗi sunan a gida, wani tsoho a unguwarmu ya miƙe ya ƙame. Ashe ɗan Bama ne, wato tsohon sojan yaƙin Burma, daga cikin waɗanda aka ɗiba zamanin da Hausa ce harshen bariki. Ƙasarmu ta Daura ba baƙuwar kaki ba ce. Janar Buhari ma a 1962 ya shiga kwalejin soja ta Kaduna da NDA ta gada, ya ƙarasa a Ingila. Su ba su haɗa da digiri ba, kuma ban ce sun rasa komai ba, zamaninsu ne haka.

Yanzu makarantar ta koma Afaka, an fara ɗaukar mata tun 2011, ana har digiri na uku. Kwanaki wani ƙaramin hafsa ɗan Baure ya zo gaishe ni, na tambaye shi wa ke tsare musu lokacin karatun dare. Ya ce ai yana cikin jadawali.