Daga Taragon Fasinja zuwa Bututun Ruwa: Nazari a kan Ramin Tower Subway na Birnin Landan

Wannan maƙala ta ɗauki ramin Tower Subway, wanda ya ratsa ƙarƙashin Kogin Thames a Landan, domin ta nuna cewa darajar ramin jirgin ƙasa na cikin birni tana tattare da hanyar da aka haƙa, ko da jirgin da aka yi shi dominsa ya daina aiki. An haƙa ramin a 1869 bisa tsarin injiniya Peter Barlow, James Henry Greathead kuma ya jagoranci aikin da wata garkuwar ƙarfe mai kare leburori daga ruftawar ƙasa yayin da suke kutsawa cikin yumɓu. Aikin bai cika shekara ba, alhali ramin injiniya Brunel, wanda ya riga shi ratsa kogin, ya ci shekara 18, daga 1825 zuwa 1843.

A watan Agusta na 1870 aka fara jigila. Tarago ɗaya ne tak, mai ɗaukar mutum 12, injin tururi na jan sa da igiyar ƙarfe a tsawon kusan mita 410, cikin rami mai faɗin mita 2 kacal. Kuɗin da irin wannan tarago zai tara ba zai biya kuɗin gina ramin ba, shi ya sa kafin shekarar ta fita kamfanin da ke da ramin ya karye. Sai aka cire layin, aka buɗe ramin ga masu tafiya da ƙafa a kan sisin kwabo, wato rabin kwabon Ingila, har mutum kusan miliyan ɗaya ke bi a shekara. Buɗe Gadar Tower a 1894, wadda ake hayewa kyauta, ita ta kashe wannan kasuwa, aka rufe ramin ga jama'a a 1898. Kamfanin London Hydraulic Power Company ya saye shi ya shimfiɗa bututan ruwa mai ƙarfin matsi, wanda a lokacin ke tafiyar da na'urorin ɗaga kaya a birnin. Ƙuncin da ya hana tarago riba bai dami bututu ba ko kaɗan.

Masu kishin kayan tarihi za su ce wannan binnewa ce, tunda babu mai shiga ya gani, kuma za su kafa hujja da layin jirgin gidan waya na Landan, wanda ya yi aiki daga 1927 zuwa 2003, aka kuma buɗe shi ga 'yan yawon buɗe ido a 2017. Hujjar tana da nauyi, sai dai ɗan yanki kawai na layin mai tsawon fiye da kilomita 10 baƙi ke bi, a Mount Pleasant, inda akwai tasha da filin tara jama'a. Tower Subway ba shi da ko ɗaya, rijiya ce a kowane bakin kogi da matsattsen rami a tsakani. Abin da ya raya shi kuwa shi ne samun mai buƙatarsa, wanda dole ya kula da shi ya gyara, kamar yadda aka yi bayan bam ya lalata wani sashensa a Yaƙin Duniya na Biyu. Ko da kamfanin ruwan ya daina aiki a 1977, ramin bai zama kufai ba: har yanzu bututan ruwa da wayoyin sadarwa na bi ta cikinsa, ƙaramin ginin mashigarsa mai siffar da'ira kuma yana nan tsaye a Tower Hill.