Kunamar Bindiga: Tarihin Ɗan Ƙarfen Da Ke Tsakanin Yatsa Da Ajali

Bahaushe bai raɗa wa wannan ɗan ƙarfe suna kunama a banza ba. Ƙarama ce, a lanƙwashe take, kuma kana taɓa ta sai harbi. A yankin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda rashin tsaro ya sa bindiga ta wuce hannun mafarauta ta shiga hannun manoma da 'yan sa-kai, tambaya ɗaya tana jiran duk mai riƙe da ita: in kunamar ta yi tauri, a kai wa maƙeri ya sassauta ta, ko a bar ta yadda aka ƙera ta? A Amurka ma masu yawo da ƙaramar bindiga a ƙugu sun daɗe suna wannan musu. Tarihi da kimiyya suna da abin faɗa a kai.

Me kunama take yi?

Kunama ba ita ke tura harsashi ba. Aikinta saki ne kawai. A cikin bindiga akwai sifirin da aka danne, yana riƙe da ƙarfin da zai buga 'yar guduma. Abin da ya hana gudumar faɗawa shi ne wani ɗan haƙorin ƙarfe da ya maƙale ta. In ka ja kunama, haƙorin ya zame, guduma ta buga, albarushi ya kama wuta, iskar da ta kumbura ta tunkuɗo harsashi waje. Ka ɗauke ta kamar tarkon ɓera: ƙarfin yana ajiye tun tuni, taɓawa kaɗan yake jira.

Wurin da haƙorin ya kama gudumar, a bindigogi da yawa, bai wuce milimita ɗaya ba. Wato ran mai bindiga da na wanda ke tsaye kusa da shi sun rataya ne a kan ƙarfen da bai kai ƙwayar gero kauri ba.

Yadda bindiga ta shigo mana

A ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) aka shigo da bindigogi, kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Ka lura, a da "ɗan bindiga" bawan sarki ne mai mutunci, irin waɗanda har yau suke buga bindiga a hawan salla. Yanzu ne kalmar ta koma abin tsoro.

Bindigogin wancan zamani na ɗuri ne. Ta baki ake zuba albarushi, a danna da sanda. Kunama tana sakin guduma mai riƙe da ƙanƙara, ta karci ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi, kamar dai ƙyastu. In damina ta jiƙa albarushi, ta ƙi tashi. In an cika ɗuri, ta fashe a hannun mai ita. Akwai riwayar da ta shahara cewa Sarkin Gobir Yunfa ya harbi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Alƙalawa, wutar ta juyo kansa. Malaman jihadi karama suka ɗauki abin. Masanin makamai kuma zai ƙara da cewa juyowar wuta sanannen hali ne na bindigar wancan lokaci.

Shi ya sa bindiga ba ta yi wani tasiri sosai a jihadin ba. A Tafkin Kwatto a 1804, kwari da baka ne suka yi aiki. A 1808 da Alƙalawa ta faɗi, Muhammadu Namoda, jagoran Alibawan ƙasar Zurmi wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin manyan kwamandojin yaƙin, kuma doki da mashi da kibiya ne ƙashin bayan rundunar. Ko a 1826 da Baturen nan Hugh Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana kai wa Gobirawa hari a Konya, bindigogi kusan arba'in kawai ya ƙirga a cikin dubban mayaƙa.

An bar mu da tsohuwa

A daidai lokacin Turai tana canjawa. A 1807 wani limamin coci ɗan ƙasar Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar tayar da albarushi da sinadarin da bugu kaɗai ke kunna shi. Daga nan aka samu 'yar hular da ta maye gurbin ƙanƙara, sannan harsashi mai kwanso, sannan bindiga mai ɗaukar harsashi da yawa.

A 1890 ƙasashen Turai suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Burasels, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani amma ta bar ƙofa ga bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. An ga sakamakon a Kwatarkwashi, kudu da Ƙaura Namoda, a watan Fabrairun 1903. Sojoji da ba su kai hamsin ba, ƙarƙashin Laftana Wallace Wright, suka tare dakarun Kano masu ɗimbin yawa, kuma a nan Wazirin Kano Ahmadu ya kwanta dama. Ranar 15 ga Maris 1903 Sakkwato ta faɗi.

Bayan haka bindigar toka ce ta rage a hannun talaka, kuma maƙeri ne likitanta. Shi ke ƙera ta, shi ke gyara ta. Laƙabin "harba-ka-ruga" ya isa ya gaya maka irin amanar da aka ba ta. Abin lura a nan: bindigar maƙeri ba ta da ma'auni ɗaya. Ta Zurmi daban, ta Shinkafi daban, kai ko biyu daga maƙera ɗaya ba lallai kunamarsu ta zo daidai ba.

Darasi daga masu kamfani

To su da suke da ma'auni fa? Ƙaramar bindigar Glock tana fitowa daga kamfani da kunamar da ke buƙatar jan kusan kilo 2.5, kamar ka ɗaga ruwa lita biyu da rabi da yatsa ɗaya. Rundunar 'yan sandan birnin New York ta ga hakan ya yi sauƙi, ta shafe shekaru tana amfani da kunama mai kusan kilo 5.4 don rage harbin kuskure. Amma tauri ma yana da farashi: yatsa na kokawa da kunama, bakin bindiga na kaucewa, harsashi ya tafi inda ba a nufa ba. A 2021 rundunar ta fara bai wa sababbin 'yan sanda mai sauƙi. Sai dai ka lura, hukuma ce ta yanke shawarar bayan gwaji, kuma ta haɗa da horo. Ba kowa ne ya ɗauki tasa ya je ya goge ba.

Me ya sa ake tsoron kunama mai laushi? Dalili na farko yana jikin ɗan Adam. In mutum ya firgita, ko ya yi tuntuɓe, ko ya damƙi wani abu da ɗaya hannun da ƙarfi, yatsunsa suna dunƙulewa ba da saninsa ba. Tsokoki ne ke amsawa kafin tunani ya iso. Mutumin da ke gadin gari da tsakar dare, ba barci, zuciya na dukan uku-uku, shi ne ya fi kowa kusa da wannan hali. Kara ya motsa a gona, yatsa ya matsa, sai daga baya a ga ashe maƙwabci ne.

Dalili na biyu yana jikin ƙarfe. Ana taurara saman haƙorin nan ne don kada ya ci. In aka goge shi don kunama ta yi laushi, an cire taurin, an kuma rage wurin kamun. Yau zai riƙe, gobe zai riƙe, wata rana a kan babur, a ramin hanyar Shinkafi, ya saki da kansa.

Na uku faɗuwa. Ka san yadda fasinja ke tafiya gaba in direba ya taka birki? Haka kunama take in bindiga ta faɗi: jikin bindigar ya tsaya cak, ita kuma ta ci gaba da motsi. A 2017 kamfanin SIG Sauer ya yi tayin gyara wa mutane bindigarsa P320 kyauta, bayan an nuna tana iya tashi in ta faɗi ta wani ɓangare, kuma cikin gyaran har da rage nauyin ƙarfen kunamar. In kamfani mai injiniyoyi da ɗakin gwaji zai iya kuskure lissafin nan, ina ga zarto da ido?

Doka da halin da ake ciki

Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi uku. Ƙaramar bindiga, fistol ko libarba, tana cikin haramtattu, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta ta zamani sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Bindigar toka kuwa tana ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izini ba laifi ne.

A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga don kare kai, ta ce za ta raba fom 500 ga kowace daga cikin masarautu 19. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Duk wannan kai-komo a kan wanda zai riƙe bindiga ne. Ba kasafai ake maganar lafiyar bindigar da ke hannun ba.

Ga wanda doka ta ba shi riƙo, askar ne ko maharbi, abin da tarihin nan ke koyarwa a fili yake. Taurin kunama ba lallai lahani ba ne, sau da yawa shi ne birkin. In ta lalace ko ta fara saki da kanta, a ajiye ta, a kai wa mai kula da makamai na hukuma. In harbi ba ya zuwa daidai, horo ne magani. Kuma yatsa ya zauna a wajen zoben kunama har sai an tabbatar da abin da ke gaba, domin harsashi in ya fita ba ya jin kira.