Smith: maƙerin da ya bar maƙera

Sunan nan Smith da muke gamuwa da shi cikin littattafai da finafinai, shi ne sunan iyali mafi yawa a Ingila da Amurka. Ma'anarsa kuwa maƙeri ke nan, tun a tsohon Ingilishi.

Kafin 1066, mutumin Ingila suna guda gare shi, sai laƙabi da ke mutuwa tare da mai shi. Da Normandawa suka ci ƙasar, manyan masu filaye suka fara gadar wa ƴaƴansu suna, talakawa suka bi sannu a hankali. Wajen 1400, yawancin iyalai sun samu sunan gado. Masu rubuta haraji ma sun taimaka: in ƙauye na da John biyar, ai dole a rarrabe su, wannan John maƙeri, wancan John mai niƙa.

To me ya sa Smith ya yi yawa haka? Saboda ba ƙauyen da bai buƙatar mai ƙera garma, ƙusa da takalmin doki. Haka Lefèvre yake a Faransa, Schmidt a Jamus, Haddad wajen Larabawa.

Amma da sunan ya shiga takarda, sai ya rabu da aikin. Adam Smith, masanin tattalin arziki, ɗan ma'aikacin kwastan ne. A Amurka, wasu Jamusawa sun maida Schmidt ɗinsu Smith, wasu bayi kuma sun ɗauko shi daga iyayengijinsu.

A ƙasar Hausa ƙirar ake gado, a kira ka da sunan mahaifinka. Su can sunan suka gada, suka bar uwar maƙera.