Zamanin da Kwali Ya Fi Kaset Daraja

Wanda bai zauna a kasuwar fim ta Kano ba a ƙarshen shekarun 1990, da wuya ya yarda cewa furodusa ba kaset yake sayarwa ba. Kwali yake sayarwa. Idan ya gama fim, sai ya ɗauki kaset guda, wanda muke kira masta, ya haɗa da ɗaurin kwalayen da ya buga, ya kai wa 'yan kasuwa a Bata ko Ƙofar Wambai. Su ke da kaset ɗin da ba a naɗi komai a kansa ba, su ke da bidiyoyin da aka jera a kan kanta suna kwafa dare da rana. Abin da zai shiga aljihun mai fim shi ne kuɗin kwalin da aka sayar, wanda ya yi kwantai kuma a dawo masa da abinsa. Kaset a cikin kwali na asali halal ne. Wanda aka sayar tsirara, na sata ne. Ke nan takardar nan da ake sa wa kaset ita ce hajar, ita ce rasit, ita ce kuma tallar. Mu da muka ci abinci da tsara ta mun san cewa jarin mutum kacokan yana iya rataya a kan launin da muka zaɓa da fuskar da muka sa a tsakiya.

Idon Bakano ya daɗe da sanin fasta kafin a haifi fim ɗin Hausa na kaset. Silimar Rex ta buɗe a 1937, Palace ta buɗe a cikin birni a 1952, ga su Plaza da Orion da Eldorado da Wapa da Marhaba. Kowace tana da allo a bakin ƙofa inda ake liƙa fastar fim ɗin da za a nuna da dare. Yawancin masu cirko-cirko a gaban allon ba sa jin Indiyanci, ba su kuma damu da rubutun ba. Hoton suke karantawa. Masu zanen Bombay da fenti da buroshi suke aikinsu, kuma suna da ƙa'ida: kan jarumi ya fi na kowa girma, jaruma a gefensa da murmushi ko hawaye, bos a wani lungu an shafe masa fuska da kore ko shuɗi, wuta tana ci a baya. Da kallo ɗaya yaro zai gaya wa abokinsa cewa yau akwai faɗa, akwai waƙa, kuma za a sha kuka. Da fuska aka san mutanen nan har aka laƙaba musu sunaye, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Fastar Bruce Lee kuwa ba ta neman ƙarin bayani: ƙirji a waje, ga jan sawun yakushi a jiki.

Makarantarmu ta biyu ita ce bangon littattafan soyayya da suka cika Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980. Da hannu ake zana su: budurwa ta yi tagumi, saurayi ya jingina da mota, wani attajiri da babbar riga yana harara daga nesa. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Bala Anas Babinlata kuma suka shiga mayar da littattafansu fim, masu sayen littafin nan su ne masu sayen kaset. Matan aure da 'yan mata ne akasari, waɗanda ba sa zuwa silima, sai dai su aiki yaro. Yaron da aka aika kuwa sau da yawa ba ya riƙe sunan fim. Abin da zai ce wa mai shago shi ne a ba shi mai hoton wance da jan mayafi.

Na tarar da ƙarshen zamanin almakashi. Mai hoton kati zai bi 'yan fim lokeshan, ya dawo da hotuna a wanke, mu kuma mu zauna mu yanke kawunan a hankali, mu shafa gam mu jera su a kan farin kwali. Wahalar tana wajen rarraba launi, aikin da a kan kai Legas, unguwar Shomolu, inda madaba'u suka yi dandazo. Injin Kord da ake bugawa da shi launi ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, don haka sai takarda ta bi ta cikinsa sau huɗu: shuɗi, ja, rawaya, baƙi. Idan filet ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne, sai ka ga jaruma ta fito da ido huɗu da leɓe biyu-biyu. Idan mai injin ya cika ja, kowa a kwalin sai ya koma kamar ya sha rana. An buga an gama, babu gyara. Haka za a kai kasuwa, furodusa yana salati.

Zuwan kwamfuta ya zo daidai da bunƙasar harkar. CorelDraw da Photoshop suka shigo ofisoshin da ke kan titin gidan zu, Sangaya ta kamfanin Sarauniya ta fito a 1999 da Ali Nuhu da Fati Mohammed, Wasila ta biyo baya a 2000. A shekarun ne mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, wadda a cikinta sunan Kannywood ya fara fitowa, da mujallar Fim ta Ibrahim Sheme da ta fara a watan Maris na 1999, suka mayar da 'yan wasa taurari. Hotunansu suka hau kalanda, suka hau sitika a jikin acaɓa da bayan bas. Daga nan tambayar ɗan kasuwa ta zama guda ɗaya. Ba ya tambayar labarin me aka yi. Zai karɓi kwali ya juya shi, ya ce, "Su wa ke ciki?"

Amsar wannan tambaya ce ta haifar da salon da aka san mu da shi, wato jera kawuna. Masu ilimin zane na zamani suna yi mana dariya, wai mun cika kwali da fuskoki babu wurin shan iska. Ba rashin ido ba ne. Kowace fuska tana da masu sayenta, kuma cire ta rage ciniki ne. Gwanintar tana wajen tsara su yadda za su ba da labari ba tare da kalma ba, tunda Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Namiji a tsakiya, mata biyu dama da hagu, ɗaya tana murmushi ɗaya ta haɗe rai: kowa ya san kishi ne. Dattijo da rawani a sama yana kallon ƙasa: auren dole. Uwar miji a kusurwa ta riƙe haɓa: gidan ba lafiya. Girman kai a kwali kuma daraja ce, shi ya sa ake rigima a kansa. Na sha ganin jarumi ya zo ofis da kansa don ya ga ko an yi kan wani ya fi nasa.

Launi ma yana da nasa harshe, kuma ba a makaranta muka koye shi ba, a bakin kanta muka koya. Soyayya tana son ruwan hoda da shuɗin sama, da fure, da haske mai laushi a gefen fuska. Fim ɗin sarauta yana son ruwan zinari da ja mai duhu, alkyabba da kayan dogarai. Na tsafi da aljanu baƙi ne da kore, a mayar da idon boka ja wur. Camama kuwa rawaya ce shar, mai ɗaukar ido daga tsallaken titi. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya sauƙaƙa mana aiki fiye da kowa: doguwar jar hularsa da zare idonsa sun isa. Sai mu ƙara masa girman kai mu rage jikin, mutum ya fara dariya tun bai biya kuɗi ba. Sunan fim kuma gajere ake so, kalma ɗaya ko biyu, Sangaya, Wasila, Mujadala, Khusufi, yadda wanda ke bayan acaɓa zai karanta kafin a wuce. Haruffan kwamfutar lokacin ba su da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, sai mai haƙuri ya zana musu da hannunsa, marar haƙuri ya bar su haka.

Wannan tsarin ne ake faɗaɗawa ya zama fastar bango. Da daddare yara ke fita da bokitin sitaci, gari na wayewa ka ga shagunan hayar kaset da tashoshin mota da teburan masu shayi sun sha sabon hoto. Kwalayen kuma suna bin fatake har Maraɗi da Damagaram da Agadas, har zangon Kumasi da arewacin Kamaru, wuraren da wasu masu kallon ba su saba da rubutun Hausar boko ba. A can ma hoton ne ke magana.

Akwai abin da ba a yi daidai ba, kuma duk wanda ya yi sana'ar ya sani. Babban jarumi zai fito sau biyu a fim, a sa shi a tsakiyar kwali kamar da shi aka fara aka gama. A ɗora bindiga ko jirgin sama mai saukar ungulu da babu su a labarin. Ga kuma kalmar da kusan kowane furodusa yake faɗa idan ya tsaya a bayan mai kwamfuta: "A ƙara mata haske." An yi ta ƙara haske har 'yan kallo suka ɗauka sai fara ce jaruma. Ribar irin wannan ba ta daɗewa. Mai saye da aka yaudara sau biyu yakan daina yarda da tambarin kamfanin, ya koma jiran wani ya kalla ya ba shi labari.

Dokar tace finafinai ta sake mana hannu. A watan Disamba na 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 kuma aka kafa Hukumar Tace Finafinai. Namiji da mace ba sa taɓa juna a fim ɗin Hausa, balle a kwalin da zai shiga ɗakin matar aure. To yaya za ka nuna so babu taɓawa? A nan aka ga masu basira. Sai a bar 'yar tazara tsakaninsu, shi yana kallonta ita tana kallon ƙasa. Ko a juya su baya da baya idan an ɓata. Ko a daidaita launin mayafinta da na hularsa, ido ya haɗa su da kansa. Bayan 2007, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi hukumar aka tsananta, mun ƙware wajen ɗinki da kwamfuta: a ƙara tsawon hannun riga, a jawo mayafi ya rufe wuya. Abin mamaki, wasu kwalayen da suka fi daɗin kallo a wannan matsin aka yi su, domin kunya da kawaici sun fi shiga zuciyar mai kallonmu fiye da abin da muke kwaikwaya daga Indiya.

Da faifan CD ya ture kaset, fili ya ragu, kwali ya koma 'yar takarda a cikin leda a kan baron masu talla. Daga baya masu tura fim a waya da finafinan Indiya-Hausa suka ci kasuwar, tashar Arewa24 ta zo a 2014 da shirye-shirye masu dogon zango, shagunan Ƙofar Wambai suka koma sayar da wasu kayan. Ranar da aka daina sayen kwali, ranar tsohon tsarin ya mutu. Silimar da aka buɗe a Ado Bayero Mall ta dawo da doguwar fasta, finafinai irin su Mansoor na 2017 suka fito da hoton da aka ɗauka musamman a situdiyo, fuskoki kaɗan, fili da yawa. Masu zuwa can sun riga sun ga tallar a Instagram, ba sai an jera musu kowa ba.

Yau kasuwar tana YouTube, inda Izzar So da Labarina suka nuna hanya tun 2020. Fastar yanzu ba ta fi gidan ashana girma a fuskar waya ba, kuma yaran da ke tsara ta sun koma kan ƙa'idar masu zanen Bombay ba tare da sun sani ba: fuska biyu manya, ɗaya tana kuka ɗaya tana huci, lambar kashi da rawaya. Sun fi mu gata ɗaya. Idan hoto bai ja mutane ba, kafin la'asar sun gani a alƙaluma sun canza shi. Mu idan an buga dubban kwalaye, sai dai addu'a. Tsohuwar cutar ma ta biyo su, domin hoton gawa ko mari da babu shi a cikin shirin bai bambanta da jirginmu mai saukar ungulu ba.

Abin da ke damuna yanzu shi ne adana. Kaset yana cin tsatsa da fumfuna, masta da yawa sun ɓace, kamfanonin sun watse. Finafinai masu yawa babu abin da ya rage nasu sai kwalin, kuma a bayansa ne aka rubuta wanda ya ba da umarni, wanda ya ɗauki hoto, wanda ya rera waƙa. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi aiki mai yawa a kan tarihin masana'antar, amma kwalayen kansu suna warwatse a buhuna a bayan shaguna, masu ƙosai da masu gyaɗa suna ƙarar da su. Ya kamata Gidan Ɗan Hausa ko Jami'ar Bayero ko Arewa House ta Kaduna su aika a tattaro su, a ɗauki hotonsu, a rubuta shekara da kamfani, a kuma nemi waɗanda suka tsara su tun suna raye, domin yawancinmu ba a taɓa sa sunanmu a jiki ba. Aikin ba ya cin kuɗin fim ɗaya, kuma damina kaɗan ta rage kafin ya gagara.