Fadama a Tarihin Ƙasar Katsinar Maraɗi

Masu iya magana sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A fadama kuwa, wadda mutanen Maraɗi da Gobir ke kira hwadama, tonon ba ya yin nisa. Asalin kalmar shi ne ƙasar kwari mai laka da damshi, inda ruwa ke kwanciya da damina, kishiyar jigawa mai rairayi inda ake shuka gero. Amma kowane zamani da irin ma'anar da ya ba ta.

Ga magabata, fadama mafaka ce. Bayan faɗuwar Birnin Katsina a 1807, sarakunan Katsina sun yi hijira, daga bisani Sarki Ɗan Ƙasawa ya kafa gadon sarauta a Maraɗi, cikin kwarin Gulbi, inda duhun itatuwa ke hana dawakin abokan gaba sukuwa. Gobirawa ma kusa da wannan gulbi suka zauna a Tsibiri.

Ga manomi, fadama rumbu ce ta biyu. Idan ruwa ya janye sai a dasa taba, a shuka tumatir da albasa; wurin da aka shinge ana ban ruwa kuma a kira shi garka. Ga makiyayi, mashaya ce da makiyayar rani. Shi ya sa shari'ar fadama ba ta rabuwa da ƙofar fada.

A shekarar 1945 kalmar ta ɗauki ma'anar hatsari, domin ambaliyar Gulbi ta rushe tsohon gari, aka tayar da Maraɗi zuwa tudu. Bayan farin 1984 kuma ta zama wurin tsira, lokacin da Shugaba Seyni Kunce ya ƙarfafa noman rani a duk faɗin ƙasa. Haka take ga masu rake a Ƙoramar Damagaram da masu albasa a Galmi.

Tun da aka gina madatsar Jibiya a Najeriya ruwan Gulbi ya ragu, jama'a kuwa sai ƙaruwa take yi. Dokar karkara ta 1993 ta bar wa sarakuna aikin sulhu a rikicin gonaki, don haka a yau fadama amana ce a hannunsu. Allah ya taya su riƙo, ya ja zamanin Sarki, amin.