Lasifika mai akwati da marar akwati: ina bambancin yake?

Fatar lasifika gaba da baya take motsi. Idan ta matse iskar da ke gabanta, ta bayanta sai ta saki. In babu shamaki tsakani, sautin gaba da na baya kan zagayo su haɗu su kashe juna, musamman sauti mai kauri irin na babbar ganga, domin igiyarsa doguwa ce: a Hz 50 tsawonta ya kusa mita 7. Wannan matsalar ce ta haifi akwati.

Rufaffen akwati yana tsare sautin baya. A 1954 Edgar Villchur na Amurka ya fito da AR-1, inda iskar da ke kulle ciki take riƙe fatar tana mayar da ita wurinta. Da haka ƙaramin akwati ya iya fitar da sauti mai kauri, sai dai yana cin ƙarfin amfilifaya. Akwai kuma mai rami ko bututu, wanda Albert Thuras ya samu rajistarsa a 1932. Ramin yana ƙara kaurin sauti, kuma irinsa ne ya cika kasuwa. Aibin akwati shi ne katakon kansa yana rawa, sautin da ya maƙale ciki kuma yana dawowa ta fatar. Mai araha sai ya yi ta gunji, murya ta dushe.

Marar akwati faifan katako ne kawai, bayansa a buɗe. (Asalin ma'anar kalmar baffle ke nan, ko da yake a ƙasashe masu amfani da Faransanci duk lasifika ake kira haka.) Sautinsa yana fita gaba da baya, kaɗan ne ke zuwa gefe, don haka bangon gefe ba ya mayar da amo sosai. Masu sauraren murya da kayan tsirkiya suna yaba tsabtarsa. Quad ESL ta Peter Walker, da ta fito a Ingila a 1957, tana cikin fitattu, haka ma ƙirar Siegfried Linkwitz.

Amma yana da tsada ta wata fuska. Kaurin sautinsa yana raguwa da sauri, sai an faɗaɗa faifan ko an sa manyan lasifika. Yana son tazarar kusan mita guda daga bangon baya, abin da ƙaramin falo ba ya bayarwa. Irin na Quad kuma dole a jona shi da lantarki, yana kuma jan ƙura, lamarin da mai zama inda hunturu ke busawa zai duba kafin ya saya.